Inda Jan Ɗigon Bai Sauka Ba

Dakta ta iya jinya, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Tun da ciwon karkarwa ya kama mahaifinta ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta, ta ba shi ɗakin da ya fi samun iska, ta sa aka kafa masa ƙarfen dafawa a banɗaki, aka naɗe duk wata darduma da za ta iya harɗe masa ƙafa. Maganinsa kuwa ba ya wuce lokaci, don wayarta tana da ƙararrawa ta musamman saboda shi. Shi ya sa ranar da Baba ya ce yana so ya koma gidan Yaya, babban wanta, sai da ta sa ya maimaita, ta ɗauka muryarsa ce da ta dusashe ta sa ba ta ji daidai ba.

Gidan Yaya fa! Ɗaki biyu ne a saman shagonsa na gyaran firji, matakala a miƙe kamar tsani, ga yara masu ƙiriniya da ba sa barin ko kofi ya kwana inda aka ajiye shi. Shi kansa Yayan mutum ne da zai yi ta neman makullin mota alhali yana riƙe da shi a hannu. A ce wannan ne zai tuna maganin safe da na rana? Ta tambayi Baba ko an yi masa wani abu ne, ko abinci ne bai yi masa ba, ko mijinta ne ya faɗi wata magana. Ya ce ba komai, uwata, iska kawai yake so ya canza. Ta kira Yaya a waya ta sauke masa kwandon faɗa, ta ce shi ne ya zuga tsoho. Yaya ya bari ta gama, sannan ya ce ta samu lokaci ta zauna ta kalli mahaifinsu. Ta ce kullum sai ta auna jininsa, shi yaushe rabon da ya san ko nawa ne? Yaya ya ce to, shi dai Asabar yana zuwa da mota.

Baba mai hoto ne a zamaninsa. Rabin gidajen unguwarsu ta dā akwai hoton da ya ɗauka rataye a bango. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: kafin ya koma bayan kyamara sai ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin haɓar mutum, ko babba ko yaro, ya ce ɗago kai, kalle ni nan, kada ka motsa. In yaro ya ƙi sakin fuska sai ya murza gashin bakinsa, wani baƙin gashi mai kauri da yake ji da shi kamar gadon gidansu, ya sa ɓangare ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, har sai yaron ya tuntsire. Dakta da wannan gashin baki ta yi wayo. Fuskar Baba ita ce rabin jarinsa, kuma ita ciwon ya fara ƙwacewa. Ta daskare, ba murmushi, ba ɗaure gira, ko ƙiftawa sai jefi-jefi.

Dakta ta fi kowa sanin dalili. Ƙwayoyin da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin a ƙwaƙwalwarsa ne suke mutuwa sannu a hankali. Abin da ya sa ta sani kuwa, a kan wannan sinadarin take cin abinci, sai dai ita a jikin birai take nazarinsa.

Ɗakin bincikenta yana can ƙarshen wani dogon baranda, inda warin sabulun wanke keji yake tarbar mutum tun daga nesa. A zaunar da biri gaban allon kwamfuta, a nuna masa fuskokin 'yan garkensa, wata na'ura tana bin ƙwayar idonsa tana ajiye jan ɗigo a duk inda ya kalla. In ya yi abin da ake so, bututu ya ɗiga masa ruwan lemo a baki. Tana jin daɗin yi wa sababbin ɗalibai bayani, kuma ta iya. Takan ce ido ba ya aikin banza, ɗan ƙwadago ne, dofamin kuma shi ne mai gaya masa inda lada take. Fuskar da ke ba da labari, wadda za ta iya yi maka barazana ko ta nuna maka inda abinci yake, ido yana rububinta. Wadda ba ta ba da komai kuwa, sai ya tsallake ta kamar kwata. Takan nuna musu wani ƙaton biri da suke kira Oga, wanda sauran za su haƙura da lemo don kawai su ga hotonsa. Sannan ta nuna musu Ɗan Fansho, wanda shi ne Ogan dā, yanzu tsufa ya sa ba ya yaƙe haƙora ba ya ɗaga gira, yana zaune a lungu yana tsince gashin cinyarsa. Shi sai an ƙara wa biri lemo kafin ya yarda ya kalli hotonsa. A nan takan tsaya ta ce, ido wa ka raina? Ɗalibai su amsa, wanda nake gani yau da gobe. Kowace shekara sai an yi dariya a wannan wurin.

A makon da Baba ya yi maganar tafiya ne sabon kaya ya iso, wani tabarau mai ƙananan kyamarori. Ɗaya tana ɗaukar abin da ke gaban mutum, sauran suna bin idonsa. An sayo shi ne don masu ba birai abinci su riƙa sawa, a ga wane biri suke kallo in sun shiga, da yadda biran ke mayar da kallon. Dakta tana da doka da ba ta karyawa: ba a ɗora wa kowa na'ura sai ta fara gwada ta a kanta. Don haka ta tafi da tabarau gida, Injiniya, mai kula da na'urorin ɗakin binciken, ya nuna mata inda ake latsawa, ta ce za ta sa shi tun daga tashi har ta iso ofis.

Ta sa ɗin. A ranta har da wani lissafi da ba ta gaya wa kowa ba: in hoton ya yi kyau za ta yanko wurin karin kumallo ta tura wa Yaya, ya ga yadda ake jinya, ko ya ji kunya ya fasa zuwa.

Da hantsi aka taru a ƙaramin ɗakin taro. Ɗalibai sun zauna da kofunan shayinsu, har da wata mai kaifin baki da suke kira Sarkin Tambaya. Injiniya ya tambaya ko ya tsallake na gida ya fara daga bakin ƙofar ofis. Dakta ta ce ya saki tun daga farko, ai ba ta da abin ɓoyewa.

Hoto ya fito a bango. Ga kicin ɗinta, ga jan ɗigo yana tsalle daga buta zuwa kofi zuwa agogo. Mijinta ya shigo yana ɗaura agogon hannu, ɗigon ya haye fuskarsa, ya zauna a idonsa, ya sauko bakinsa da yake magana, ya koma ido. Injiniya ya gyaɗa kai, ya ce na'ura ta yi. Ɗigon ya leƙa ta taga ya sauka a fuskar yarinyar maƙwabta da ke jiran motar makaranta. Har fuskar jaririn da aka zana a jikin gwangwanin madara sai da ya ɗan tsaya a kai, ɗalibai suka yi dariya.

Sannan aka ga tire ya ɗagu, aka bi baranda, aka tura ƙofa.

Muryar Dakta ta fito daga lasifika tana gaishe da Baba, gaisuwa mai kyau, da ladabi. Amma hoton ya sunkuya. Abin da ya cika bango shi ne ƙirjin wani tsoho cikin rigar barci mai ratsi, da hannu biyu a kan gwiwa, na dama yana rawa. Kansa bai shigo ba, saman hoton ya yanke shi daga wuya. Jan ɗigon ya sauka a kan hannun, ya koma kwalbar magani, ya koma na'urar awon jini, ya bi lambobin da ke hawa, ya je kan maɓallin rigar da aka sa a ramin da ba nasa ba. Hannun Dakta ya shigo ya gyara maɓallin. Wata murya can ƙasa-ƙasa ta fara wata magana a hankali, irin maganar da sai an jira ta. Muryar Dakta ta ce to Baba, to, sha wannan tukuna. Ɗigon yana kan cokali.

Injiniya ya tsayar da hoton. Mutum ne mai tsoron a ce kayan da ya sa hannu aka sayo ba su da kyau. Ya ce wataƙila tabarau ɗin ne ya zamo mata a hanci, shi ya sa kyamara ta kalli ƙasa. Dakta ta cafke wannan magana tun kafin ta faɗi ƙasa. Ta ce ƙwarai, ta ji yana zamewa, dole a ɗaure shi da igiya ta baya kafin a ba ma'aikata. Ta faɗa da muryar shugaba, har ta fara juyawa ga batu na gaba.

Sarkin Tambaya ba da mugunta ta yi ba. Ita dai an koya mata cewa ba a yarda da bayani sai an gwada shi, kuma Dakta ce ta koya mata. Ta ce a ɗan ƙara gaba, in zamewa ya yi ai zai ci gaba da kallon ƙasa. Injiniya ya saki. Aka ga Dakta ta miƙe, ta juya, ta fito baranda, nan take hoton ya ɗago ya daidaita. Mai gadi ya buɗe mata ƙofa, ɗigon ya zauna daram tsakanin idanunsa. Sai kuma aka ji ta ce ta manta wayarta, hoton ya juya ya koma ɗakin Baba, yana tura ƙofa ya sake sunkuyawa. Rigar barci mai ratsi, hannu mai rawa, waya a kan tebur. Muryar nan ta ƙasa-ƙasa ta ce, uwata. Muryar Dakta ta ce na makara Baba, sai na dawo.

Ba wanda ya yi dariya. Wani ɗalibi da bai iya shiru ba ya buɗe baki zai ce wani abu game da Ɗan Fansho, na kusa da shi ya taka masa ƙafa, kuma Dakta ta ga takawar. Da faɗa suka yi mata da ya fi sauƙi. Amma kowa sai ya samu abin kallo a cikin kofinsa, suna tausaya mata, yaran da ita ke sa wa hannu a takardu. Kunya ta rufe ta tun daga wuya har fatar kai, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Abin da ya fi ci mata rai ma ba hoton ba ne, ƙaryar zamewar nan ce da ta yi a gabansu, ba a ɗau lokaci ba kuma bango ya ƙaryata ta. Ta ce na'ura lafiyarta ƙalau, a rubuta haka. Ta tattara takardunta ta fita, ta bar shayinta.

Hanyar ofishinta ta gaban kejin birai take bi. Ɗan Fansho yana lungunsa. Ta saba wuce shi, yau ma ta so ta wuce, sai ta tsaya. Ya ɗago ya dube ta da fuskar nan tasa da ba ta cewa komai, ya daɗe yana dubanta. Ita ce ta fara kawar da kai.

A ofis ta yi ƙoƙarin kare kanta, don mai ilimi ba ya rasa hujja. Ta ce ai ƙwaƙwalwa ce, fuskar da ba ta amsawa ba ta jawo ido, ita da kanta ta rubuta haka a mujallu. Hujjar ba ta kai ko'ina ba. Biri bai taɓa zama a cinyar Ɗan Fansho yana jan gashin bakinsa ba. Da ta matsa wa kanta sai ta tarar da abin da ke ƙasa: tsoro take ji. Duk lokacin da ta ɗaga ido tana neman mutumin da ke murza gashin baki, sai ta tarar da wata fuska kamar ƙofar da aka kulle, zuciyarta ta yanke. Sai ta koya wa idonta hanya ta ƙasa, ta cika hannunta da aiki, har ta manta cewa koya masa ta yi.

Ta koma gida tun rana ba ta yi sanyi ba. Ta tsaya a kicin tana neman abin da za ta riƙa, ko ruwa ko 'ya'yan itace, sai ta gane abin da take yi, ta ajiye kofin. Ta shiga ɗakinsa hannu rabbana, abin da ta manta rabon da ta yi.

Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Tsohuwar jakarsa ta fata tana kan gado, an riga an zuge ta, Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ya ɗauka yana zuge ta da wannan hannun. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Idonta ya tafi kan hannunsa da kansa, ta janye shi. Ya tafi kan maɓalli, ta janye. Ta hau da shi wuya, ta hau haɓa, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

Leɓensa na sama fayau yake. Fatar wurin ma ta riga ta yi launi ɗaya da sauran fuskar.

"Baba, ina gashin bakinka?"

Ya ɗauki lokaci kafin maganar ta fito, wannan karon kuma ta jira.

"Na sa Yayanki ya aske mini."

"Yaushe?"

"Ranar da aka canza mini magani."

Ba ta buƙatar duba ko'ina, ita ta kai shi asibiti ranar, ita ta sake saita ƙararrawar wayarta. An fi wata biyu. Wata biyu tana shiga ɗakin nan safe da yamma, tana goge masa haɓa in shayi ya zuba. Mijinta ya gani, mai gadi ya gani, Yaya da ta wanke tas a waya shi ya riƙe rezar, kuma duk faɗan da ta yi masa bai goranta mata ba. Ta tambaye shi me ya sa ya aske abin da ya fi shekarunta a fuskarsa.

"Na ɗauka za ki yi dariya," in ji shi.

Ta sa hannu ta rufe bakinta. Ta ba shi haƙuri, ta sake ba shi, maganar tana fita a hargitse. Ta ce ya zauna, za ta gyara, za ta riƙa dawowa da wuri, za ta riƙa zama da shi haka kullum. Ya bar ta ta gama. Sannan a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi, ya ce shi bai riƙe ta da komai ba, ba 'yar da ta yi wa uba abin da ta yi masa. Amma ya yi shekaru yana ɗaukar hoto, ya san fuskar da aka ce ta yi murmushi da wadda ta yi don kanta, ba ya so kallonsa ya zama wani magani da za ta sa wa ƙararrawa. Ya ce yaran Yaya ba su san tsohuwar fuskarsa ba, don haka ba sa nemanta. Hawa jikinsa suke yi su leƙa cikin idonsa su ce Kaka yi fushi, Kaka yi dariya, in ya kasa su ce ya ci wasan. Yana so ya ɗan zauna inda ake kallonsa haka kafin abin ya ƙara nisa.

Ta zauna tana kallonsa har hasken taga ya ja baya, tana jin idonta yana zillewa tana dawo da shi. A zaman nan ta lura cewa idanunsa ba su daskare ba ko kaɗan, suna bin fuskarta lungu-lungu yadda suka saba tun tana yarinya.

Asabar Yaya ya zo da motarsa mai ƙarar salansa. Ta gaishe shi kanta a ƙasa, shi kuma ya yi kamar ba a taɓa yin wata waya ba, ya hau tsokanarta wai ta rame, ko biran ne suke cinye mata abinci. Suka sa Baba a gaba, ta ɗaura masa bel, ta ɗora masa ledar magunguna a cinya. Ta rufe ƙofa ta sunkuya ta taga tana yi wa Yaya bayani: wannan kafin abinci, wannan ba a haɗa shi da madara, in ya yi jiri a zaunar da shi, matakalar nan a riƙe shi ta hagu. Tana magana tana nuna kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ba ta san idonta ya koma tsohuwar hanyarsa ba sai da ta ji yatsu biyu a ƙarƙashin haɓarta.

"Ɗago kai," in ji Baba. "Kalle ni nan. Kada ki motsa."

Ta ɗago. Yatsun suna rawa, haɓarta tana rawa tare da su. Ya ɗan karkatar da fuskarta wajen haske kamar yadda yake yi wa masu zuwa shagonsa, ya dube ta tsawon lokaci, ita ma ta dube shi, hawaye suna zuba ba ta share ba don an ce kada ta motsa.

"Ya yi," in ji shi. Ya sauke hannunsa, ya ce wa Yaya su tafi.